Baƙin Gilashin Motar Maigida

Motar ta maigida ce. Shi ya sa aka liƙa mata baƙar ledar nan a gilashi tun yana da lafiyarsa, lokacin da yake ganin duk wanda gilashinsa ya yi duhu ya zama babban mutum. Na yi masa tsiya a kai har na gaji. Na ce kai da ko mai gadin ofishinku bai cika gaishe ka ba, wa kake ɓoye wa fuska? Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, mukulli ya dawo hannuna, sai ga shi ni da na fi kowa kushe ledar, ni na fi kowa cin moriyarta.

Aikina ba da magani ne a asibiti. Yini nake a bayan wani farin gilashi mai ɗan rami a ƙasa, ana turo takarda ina tura ƙwayoyi. Duk wanda ke layi idonsa na kaina. In na yi hamma a harare ni, in na kai ruwa baki wani ya ƙwanƙwasa gilashin da mukulli. A gida kuwa, ƙafata ba ta gama hawa bene ba ake fara kira. Yara uku kowa da ƙararsa. Maigida a juya shi, a goge masa jiki, a canza zanin gado, a ba shi abinci a baki. Ga Inna, mahaifiyarsa, da ta tare wurinmu don ta taimaka. Tana taimakawa kam, amma bakinta ba ya hutu. Ko banɗaki na shiga sai wani ya tsaya a ƙofa yana tambayar ina almakashi. Maigida maganarsa ba ta fita sosai, don haka cokali yake bugawa a jikin kofin ƙarfe in yana nemana. Har a mafarki ina jin cokalin nan.

Tsakanin gilashin asibiti da ƙarar cokali nake da ɗan wurina. A bayan layinmu akwai katangar wata makaranta inda masu shaguna ke jera motocinsu. In na taso aiki, can nake laɓewa a tsakiyarsu. In kashe inji, in ɗan sauke gilashi faɗin yatsa don iska, in kwantar da kujera, in cire takalmi. Wata rana in yi kuka, amma galibi ba na yin komai, kallon mutane kawai nake. Wata ta tsaya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a gilashina, wani ya duba haƙoransa, fuskarsa dab da tawa, bai san da ni ba. Babu mai neman komai a wurina. Sai na ji numfashina ya dawo daidai nake tayar da mota in ƙarasa gida, in ce cunkoso ne ya riƙe ni.

Da aka fara sanarwa a rediyo cewa duk mota mai baƙin gilashi a ɓare, sai mai takardar izini saboda lafiya ko tsaro, na yi kunnen uwar shegu. Da sanarwar ta yi yawa, na tari wani likitan ido a wurin aikinmu na ce ya taimaka mini da shaida.

“Me ke damun ki?” in ji shi.

Na ce, “Gajiya, likita.”

Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Ya ce in da gajiya na sa a ba da izini, da ba a ga fuskar direba ko ɗaya a titi ba. Na taya shi dariyar don kada in yi abin kunya.

A hanyar dawowa daga aiki 'yan sanda suka tare ni. Ɗan sandan dattijo ne, idanunsa jajur saboda rana, yana riƙe da gwangwani cike da reza.

“Hajiya, kin ji sanarwa?”

“Na ji, Yallaɓai.”

“Takardar izini fa?”

“Babu.”

“To ko ki ɓare a nan, ko mu wuce ofis da motar.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Yallaɓai, dube ni da kyau. Na yi kama da mai satar mutane?”

“Yanzu da kika sauke gilashi na gan ki,” in ji shi, ko ɗaga murya bai yi ba. “Kafin ki sauke fa? Ni ne nake tsayawa a gaban mota ban san me aka nuno ni da shi daga ciki ba. Ni ma ina da iyali, Hajiya.”

Gaskiyarsa ce ta fi ba ni haushi, don na rasa inda zan sauke fushina. Na karɓi reza na shiga sahun masu ɓara a gefen titi. Wani mai manyan kaya yana ta kiran waya, wai zai haɗa su da na sama, amma shi ma daga baya na gan shi durƙushe yana kankara. Ledar ba ta fita gaba ɗaya, yagewa take siriri-siriri, gam yana danƙare wa mutum yatsu. Ina ɓara haske yana shiga, ina ganin cikin motar kamar yau na fara ganinsa: kujerar da ta lotsa daidai jikina, tsohon filo, tawul ɗin da nake share fuska. Na wurga tawa ledar kan tulin da aka yi a bakin kwata na tafi.

Ranar ma na je katangar makaranta, don taurin kai. Ban gama cire takalmi ba mai ɗinkin layinmu ta ƙwanƙwasa mini.

“Anti Magani, ashe ke ce? Dama ina neman ki. Ƙwayar gwiwar nan, kafin abinci ake sha ko bayan abinci?”

Na ce bayan abinci. Ta kira ƙanwarta, ita ma da nata ciwon. Na mayar da takalmi.

Na gwada bayan gidan mai, masu talla suka yi mini caa. Na gwada zama a filin ajiye motoci na asibiti, aka leƙo aka ce tunda ban tafi ba in zo in rage layi. Daga nan na haƙura, na koma daga gilashi sai cokali, daga cokali sai gilashi. Ban san ɗan zaman nan ne yake riƙe da ni ba sai da na rasa shi. Na fara karanta takardar magani ina maimaitawa ban gane ba, har tsoro ya kama ni kada hannuna ya miƙa wa wani maganin da ba nasa ba. Na daka wa autana tsawa don kawai ya ce in duba zanen da ya yi. Na juya maigida da ƙarfin da bai kamata ba, ya bi ni da ido, abin ya tsaya mini a rai.

Wata yamma na iso ƙofar gidanmu na kashe mota, sai na kasa fita. Babu inda ke yi mini ciwo, jikin ne kawai ya ƙi. Ina zaune a fili kowa na gani, hannuwana a kan sitiyari. Auta ya leƙo daga baranda ya ce, “Mama ta dawo!” Na ji muryar Inna ta kora shi ciki. Na rufe ido ina jiran kira.

Ba a kira ba. Can sai na ji ana jan silifa. Inna ce, wadda gwiwarta ba ta barin ta ta sauko benen nan sai dole, ta rungumo bokiti tana haki. Zannuwan gadon maigida ne a ciki, waɗanda na jiƙa da safe na ce sai na dawo. Ta wanke su da kumburarrun yatsunta. Ta ware ɗaya ta shimfiɗa a gilashin gaba.

Na buɗe ƙofa. “Inna, kawo in hau da su.”

“Zauna. Kin ji na kira ki? Igiyar shanya ce ta cika.”

Ta zagaya ta rufe ɗaya gefen, ta rufe baya, tana yi tana mita a kan sabulun da na sayo wai ba ya kumfa. Da ta dawo gefena ta tsaya da zani na ƙarshe a hannu.

“Daga barandar baya, inda nake shanya, katangar makarantar nan a fili take,” in ji ta. “Ke ba na ganin ki, amma motar ɗana ai ko cikin dubu na san ta.”

“Tun yaushe, Inna?”

“Tun kina cewa cunkoso.”

Kunya ta rufe ni. “Kuma ba ki taɓa ce mini komai ba.”

“In ce me? In kin zauna can kin fi shigowa da daɗin baki. Kwanan nan kuwa kin ishe mu, ni da yaran duka.” Ta tura ƙofar ta rufe. “In ɗan sanda ya zo, ki ce ya hau sama ya same ni. Ban ji an hana shanya a rediyo ba.”

Ta yafa zanin a tagata.

Cikin motar ya yi duhu-duhu, ga sanyi da ƙamshin sabulu, ruwa yana gangarowa a jikin gilashi. Ban kai ga kwantar da kujera ba cokali ya fara ƙara daga tagar sama. Hannuna da kansa ya kama mariƙin ƙofa. Cokalin ya daɗe yana bugawa, don Inna ba ta da saurin hawa bene. Sai ya tsaya, na jiyo muryarta, har yanzu tana haki.

“Ga ni nan, ɗan nan, me kake so? Ba ta dawo ba tukuna.”

Na saki ƙofar, na sunkuya na cire takalmi.