Gado Mai Agashe Ya Daina Ɗanɗano

A shekarun da ake gina dam a Damazin ta ƙasar Sudan, duk lorin da ta taso daga Sinja ɗauke da siminti ko leburori sai ta tsaya a wani ƙauyen Hausawa kusa da Abu Hujar. Ba salla ke tsayar da direbobin ba, Allah ya yafe musu. Agashen Gado ne, wato tsirensa.

Gado mutum ne mai jiki, ya gaji tukuba daga ubansa, kuma yana da wata al'ada da ta fi yajinsa suna. Kafin ya miƙa wa mai saye tsinke, sai ya zare yankan ƙarshe ya jefa a baki, ya lumshe ido, ya kaɗa kai kamar wanda aka yi wa albishir. Mutane kan ce rabin ƙibarsa haƙƙin jama'a ne, amma ba wanda ya taɓa hana shi, don ganin yana tauna kaɗai kan sa mai azumi ya ɗaga kai ya duba rana.

Wata Laraba ya sayi akuya a hannun makiyaya, suka haɗa masa da 'yarta kyauta don ba ta kai a saya ba. Ya yanka uwar, ya feɗe, ya shanya fatar a bayan ɗaki. Da la'asar ya zagaya, sai ya tarar 'yar akuyar ta kwanta a tsakiyar fatar tana tura baki inda hantsa take a da. Ya kore ta, ta dawo. Ya rataye fatar a kan danga, ta tsaya a ƙarƙashi tana kuka har muryarta ta dushe. Mutumin da ya yanka awakin da ba su ƙirguwa, ran nan tausayi ya kama shi, irin wanda bai san yana da shi ba. Washegari ya jefa yanka a baki kamar kullum, maƙogwaro ya ce bai san zancen ba.

Abin bai tsaya a nama ba. Matarsa Sakina ta kawo shayi da madara, ya tuna bakin nan da ke laluben fata, ya ce ta juye wa marainiya madarar. Man shanu ya bi, ƙwai ma ya bi. Kafin sati biyu Gado ya koma ful, wato dafaffen wake, da kisra ta garin dawa, da miyar kuɓewa busasshiya. Jikinsa ya yi sakayau, gwiwar da ke damunsa ta lafa, ita kuwa 'yar akuyar ta ɗauke shi uwa, duk inda ya sa ƙafa tana nan.

To amma ɗan mahauci, jikan mahauci, ya buɗe baki ya ce tausayin akuya ya hana shi cin nama? Gara a ce masa ɓarawo. Sai ya shiga raba dalilai kamar goron suna. Direbobi ya ce musu bakance ya yi, ba zai ci ba sai ya sauke farali. Maƙwabta ya ce musu likitan Sinja ne ya hana shi saboda gwiwa. Liman ya ce masa ya ji malamai na cewa yawan nama na busar da zuciya, liman ya ji daɗi har ya sa masa albarka. Ya manta cewa duk mutanen nan a rumfar mai shayi ɗaya suke zama.

Da dalilan suka haɗu a rumfar, aka jera su, aka ga ba wanda ya san ɗan'uwansa. Sai kowa ya kawo nasa. Wani ya ce rowa ce, wani ya ce haƙori, wata tsohuwa ta rantse sammu ne. Ana cikin haka jakin Yakubu mai ɗiban ruwa ya ɓace. Ni da ku mun san jakin nan jaka ya bi zuwa Abu Na'ama, amma Yakubu bai sani ba, kuma bai yi niyyar tambaya ba. Ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce mai dafa abu ya ƙi ci, ai ya san abin da ya zuba.

Magana zarar bunu. Lori ta farko ta wuce ba ta tsaya ba, ta biyu ma haka, direban har da yin kukan jaki ta taga. Agashe ya bushe a kan tukuba kwana uku. Sakina, wadda ta gane komai tun ranar madara, ta ce masa sunan gidansu ne ke ƙonewa a kan wutar nan, ya zaɓa: ko ya ci, ko ya faɗa. Gado ya ji tsoro ƙwarai, don ba shi da gona, ba shi da wata sana'a.

Mai gari ya yanke cewa ranar kasuwa bayan azahar Gado zai ci tsinke uku a gaban jama'a, Sarkin Fawa Jibirin kuma ya shaida. Jibirin tsoho ne siriri, shekara arba'in yana fawa, mai son riga mai faɗin hannu. Ba a ganinsa sai da wata mage a gindinsa, ƙatuwa, wadda tafiya ma sai ta huta a hanya. Mutane kan yi masa tsiya cewa shi ke ci, ita ke ƙiba.

Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gawo, aka zaunar da Gado kusa da Sarkin Fawa. Ya ɗauki tsinke, ƙamshin ƙuli da citta ya bugi hancinsa, ya kai baki. Daidai nan 'yar akuyar ta ratso ta cikin ƙafafun mutane, ta zo ta jingina da gwiwarsa. Ya sauke tsinken.

Ya ce, "Jama'a, ban iyawa. Ba likita, ba bakance. Uwar wagga 'yar na yanka, na iske ta kwance bisa fatar tana neman nono. Tun ran nan nama bai wuce mini. Shi ke nan, ku yi dariya."

Suka kuwa yi. Wani direba ya riƙe ciki yana cewa, "Ya zol, kai mutumin nan, ashe jego kake yi!" Liman ya sunkuyar da kai, ba a sani ba ko albarkarsa yake son karɓewa. Gado ya ji kunya har cikin ƙashinsa, amma ya ji kamar an sauke masa buhun dawa daga ka.

Yakubu kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce tausayi daban, jakinsa daban. Sai dai Sarkin Fawa ya ɗanɗana, in ji shi, harshen shekara arba'in ya san akuya ya san jaki. Jama'a suka ce haka ne.

Jibirin ya ɗauki tsinken, ya juya shi, ya duba zaren naman da kyau. Ya zare yanka, ya yi bisimilla, ya kai hannu baki. Gado da ke manne da shi ne kaɗai ya ga yankan ya sulale cikin hannun riga, ya faɗo ta gwiwar hannu, magen ta cafe ba tare da ta ɗaga ko kai ba. Tsoho kuwa ya yi ta taunar iska, yana lumshe ido.

Ya ce, "Akuya ce, 'yar shekara biyu. Gishiri ya ɗan yi yawa. Yakubu, tahi nemi jakinka."

Kafin a naɗe tabarma direbobi sun yi layi a tukuba. Kowa na son agashen mai jego.

Da aka watse, Gado ya tsugunna gaban Sarkin Fawa. Tsohon ya shafa bayan magen, ya duba hagu da dama.

Ya ce, "Ni nawa maraƙi ne. Ya lashi hannuna, wuƙa na ɗaya hannun. Bana shekara sha tara."

Gado ya ce, "Baba, shekara sha tara, kuma ba wanda ya sani?"

"Mussa ta sani, wagga mage. Kai wawa, da ka zo gare ni tun farko da na ba ka ɗiyarta."

Ya miƙe da kyar, ya kakkaɓe riga, ya yi taku biyu, sannan ya juyo. Babu wasa a fuskarsa yanzu.

Ya ce, "Amma kai ka faɗa, ɗana. Ni har gobe taunar iska nika yi."