Inda Khaemba Ke Kamun Kifi

Saniyata ce ta kai ni. Ba don ita ba, da har in koma ga Mahaliccina ƙafata ba ta taka cikin masana'antar takardar nan ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rufe ta, amma har yau in aka yi ruwa warinta na ruɓaɓɓen ƙwai sai ya biyo mu har ɗaka.

Ranar wata Talata da hantsi saniyar ta tsinke igiya, ta bi ta inda shingen wayar masana'antar ya faɗi. Na rufe rumfar da nake sayar da ugali, wato tuwon masara, da soyayyen kifi, na je na taso yayana Sifuna, wanda ya shekara goma sha tara yana tura gungumen itace cikin injin niƙa a can.

"Namalwa, saniyar nan taki ko hanci ba ta da shi," in ji shi. "Cire ɗankwalinki ki toshe naki."

Muna shiga zauren farko ƙafata ta nutse har idon sawu. Na ɗauka laka ce. Yaya ya nuna mini sama: jemagu ne reto-reto, sun fi dubu, kashinsu nake takawa. A gefe ga tulin ɓarzajjen itace ya ruɓe ya yi ruwa, wasu abubuwa masu yauƙi sun tsiro a kansa, launin mugunya. Ƙullin takardar da ya fantsama a bango ya bushe kamar aman maye.

Muka wuce wata tukunyar ƙarfe da ta fi bene hawa uku tsayi. Baƙin ruwa na ɗiga daga gindinta, ɗis, ɗis, cikin kwata. A kwatar akwai mushen kare, ya kumbura, tsutsa ta cika bakinsa.

"A nan muke zama mu ci abincin rana," Yaya ya ce, yana dariya yana tari.

"Shi ya sa matarka ta hana ka kwana a gado."

"Ta hana, amma albashi ba ta taɓa cewa yana wari ba."

Kofaton saniya ya bar sawu a kashin jemagen, muka bi shi har ƙofar baya, inda kududdufan zubar da dattin masana'antar suke. Ruwan baƙi ƙirin, kumfa ruwan ɗorawa a kansa, ƙudaje kamar hayaƙi. Ga saniyata tsaye a baki, ta ƙi sha.

Akwai mutum a cikin ruwan, ya kai masa ƙugu. Yana watsa hanjin kaji daga bokiti, ruwan na tafasa da tarwaɗa. Da ya juyo, sai na gane shi. Khaemba ne, wanda shekara biyu yake kawo mini kifi kowace safiya a bayan kekensa, yana cewa daga tafki mota ta sauke.

"Maman Nekesa!" ya ce, yana yaƙe. "Me ya kawo ki nan?"

"Wannan ne tafkin naka?"

"Ruwa ai ruwa ne, uwata. Wa ya taɓa mutuwa a rumfarki?"

Na leƙa buhunsa da ke ajiye a gefe. Kifayen sun yi ƙiba, amma duk gyambo ne a jikinsu, wani ido ɗaya ya yi fari fat. Masu gyambon, ashe, su yake feɗewa ya yayyanka, ya ce ya rage mini aiki. Ni kuma in gode masa, har in ƙara masa shayi.

Na tuna jikata da take tsotsar kan kifin nan jiya. Nan take na durƙusa, abin da na ci da safe ya dawo.

Yaya ya daina dariya. "Khaemba, ni na san abin da muke zubawa a ramin nan. Takalmin roba yake cinyewa. Fito, ɗan banza!"

"Ba ni fitowa, tsoho. In kana da ƙarfi ka shigo."

Babu wanda ya shiga. Na ja saniyata muka zagaya ta waje, don na rantse ba zan sake bi ta zauren ba.

Washegari na tsaya gaban rumfa na faɗa wa duk mai cin abincina gaskiya. Wasu suka tofar da yawu suka tafi, ba su dawo ba. Wani direban babur ya ce shi dai kifin ya yi masa daɗi, in ba shi ragowar. Kaskon suyar na goge shi da toka da yashi sau uku, daga baya na jefar.

Na kai ƙara wurin malaman tsafta. Suka zo, suka toshe hanci daga nesa, suka kafa allon gargaɗi. Wake nake dafawa yanzu, ciniki ya ragu da rabi. Khaemba kuwa ya daina shiga kasuwarmu. An ce yana tashar mota ta babban titi, yana miƙa wa matafiya soyayyen kifi ta tagar mota.