Guduma a Waje, Maƙera a Ciki

Shekara goma sha bakwai motar nan ta yi a tsakar gidan Usta Cindo, kan duwatsu huɗu, ƙarƙashin rumfar kara, ba ta taɓa gusawa ko taku ɗaya ba. 'Yar ƙarama ce, kujera biyu tak, ba ta da rufin ƙarfe sai na tamfol mai naɗewa ta baya. Ta wani Bagirike ce mai sayen riɗi a kasuwar Gadarif. Ya kawo ta a gyara mata jiki, tafiya ta kama shi, daga baya ya aiko wasiƙa cewa Usta ya riƙe. Duk mai hankali ya san wannan ba motar baƙar ƙasar Gadarif ba ce, inda ruwan damina ɗaya kan haɗiye babbar mota har ƙugu. Amma so ba ya neman shawarar hankali.

Usta Cindo samkari ne, wato mai daidaita jikin mota in ta lotse. Da rana yana bakin kasuwa yana fama da motocin dakon dawa, sai ranar Juma'a da yamma yakan taɓa tasa kaɗan, ya shafa, ya ja da baya ya ƙura mata ido. Matarsa Lauratu akurki take kiranta, domin kajinta sun daɗe da gane cewa babu wurin saka ƙwai kamar kujerar direba.

An haife shi da yatsu shida a hannun dama, abin da ya sa ake ce masa Cindo ke nan. Yakan ce na shidan da aka cire masa yana jariri bai tafi ba, cikin tafin hannunsa ya koma, shi ya sa yake jin lotsawar da ido ba ya gani. To, wannan hannun ne ya shanye masa wata safiya bayan girbin riɗi, tare da ƙafar dama da rabin harshe.

Likita ya ce ƙafar za ta iya dawowa, harshen ma haka, in mai su yana so. Usta kuwa bai nuna yana so ba. Ya kwanta kan angarib, gadon nan na igiya, ya juya wa duniya baya. Sau ɗaya ya gwada magana, kalmar ta fito a karkace, tun daga nan ya rufe baki. Abinci sai loma biyu ya ture. Wata uku ana haka. Lauratu ba ta tsoron jinya, ta yi jinyar uwa da uba a garinsu Mafaza. Abin da ke ba ta tsoro shi ne tana kallon mijinta yana tafiya alhali yana kwance gabanta, kuma ba ta san ta inda za ta riƙo shi ba.

Ɗansu Jibrin, direban babbar mota, ya ce a kawar da tarkacen nan na tsakar gida ko tsoho ya sami wurin shan iska.

"Bar min akurkina," in ji ta.

Washegari da hantsi ta buɗe akwatin kayan aikinsa, ta zaɓi gudumar da ta fi kowacce girma, ta nufi bayan motar ta hagu, inda wata lotsawa mai faɗin faifai take tun zamanin Bagirike. Ta ɗaga hannu biyu ta sauke. Irin dukan da aka saba yi wa dawa a turmi ta yi wa ƙarfen, ba sassauci, kaji suka watse, maƙwabciyarsu Hajo ta leƙo ta kan danga ta ce lafiya dai. Lauratu ta ce lafiya lau, gyara take yi.

Allah ya sani, ta san ɓarna take yi. Duk dukan da ta sauke sai ta ji shi a ƙirjinta. Ta yi na goma, ta yi na ashirin, ba ta waiwayi ɗaki ba. Can ta ji ƙarar jan ƙafa. Usta ne, yana dafa bango, rigarsa a karkace, fuskarsa cike da fushin da ta yi wata uku tana marmarin gani. Ya iso da ƙyar, ya fizge gudumar da hannun hagu ya jefar. Ya shafa wurin, ya runtse ido kamar an taka masa ciwo.

Ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya Usta. Na ga babu mai yi ne."

Ya tsaya yana haki. Sannan ya nuna akwatin. Ta jawo. Ya zaro wata 'yar guduma mai faffaɗan kai ya miƙa mata, shi kuma ya ɗauki wani dunƙulen ƙarfe mai santsi, cikin hannu guda, wanda yake kira 'yar maƙera. Aikin samkari hannu biyu yake ci: ɗaya na riƙe da maƙera ta cikin ƙarfen yana turowa, ɗaya na bin tudun ta waje da guduma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle wannan. Ta shimfiɗa masa tabarma, ya zauna, ya zura hannun hagu ta gurbin taya har kafaɗa. Ita ta tsuguna ta waje.

Ba ta ganin hannunsa, shi ma ba ya ganin nata. Ya ƙwanƙwasa sau biyu daga ciki, ta buga inda take zato, ƙarfen ya amsa da wata ƙara maras daɗi, kamar tsohon gwangwani. Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya da ƙarfi. Ta gane wannan tsawa ce. Ya sake biyu, ta ɗora yatsa tana neman inda motsin ke fitowa, ta buga a hankali, sai ƙarar ta fito siririya, tas. Guduma ta sami maƙera. Usta ya yi wani gurnani a maƙogwaro. Ran nan ya cinye tuwonsa, ya nuna a ƙara miya.

Haka suka shiga. Biyu, nan ne. Ɗaya, tsaya. Uku a jere, matsa gaba. Shekara talatin da takwas suna tare, amma ba ta taɓa sanin yana da haƙuri irin wannan ba, ba ta kuma taɓa sanin yana da rigima irin wannan ba. Wuri mai faɗin kwabo sai su yi masa wuni. In ta ce ai ya yi, sai ya kama hannunta ya shimfiɗa tafin kan ƙarfen, ya ja shi sannu, har ta ji ɗan tudun da ya rage. Ranar farko ta ji kunya ta janye, don Hajo na shanya a bayan danga. Daga baya ta daina janyewa.

Da la'asar, in hannunsa ya gaji, sai su koma kan kayan ado. Ya nuna mata yadda ake zare siraran ƙarafan nan masu ƙyalli na gefen ƙofa ba tare da sun lanƙwashe ba. Ta goge su da toka da lemun tsami, yadda take goge tiren jabana, gahawar da suke sha da yamma, suka fito har tana ganin haƙoranta a ciki. Jibrin, da ya ga ubansa zaune a waje, bai ƙara zancen tarkace ba, sai ga shi da sabon tamfol irin na rufe buhunan dawa. Lauratu ta farke tsohon rufin ɗinki bayan ɗinki, ta shimfiɗa kan sabon ta yanka, ta ɗinke da basilla. Usta ya sa ta warware kusurwa ɗaya sau uku. Kujerun aka kai wa baduku. Kaji suka yi ƙaura, ba da son ransu ba.

Zuwa tsakiyar rani ya fara tafiya da sanda har ƙofar gida. Magana dai shiru. In yana son abu sai ya ƙwanƙwasa duk abin da ke kusa, kuma ita kaɗai ke fassarawa.

Wata Laraba suka gama lotsawa ta ƙarshe, a murfin gaba. Usta ya zagaya motar yana shafawa, tun daga fitila har fitila, bai sami inda tafinsa zai tsaya ba. Saura fenti, fenti kuwa aikin mai inji ne, za a kira shi daga kasuwa. Lauratu ta ce alhamdulillahi. Ya gyaɗa kai. Ya mayar da 'yar maƙera cikin akwati, ya rufe, ya shiga ɗaki tun rana ba ta faɗi ba, ya kwanta yana fuskantar bango. Tuwon dare loma biyu ya yi. Alhamis ma bai fito ba.

Ranar Juma'a Jibrin ya lallashe shi ya kai shi masallaci. Suna fita, Lauratu ta ajiye dakan busasshiyar kuɓewar da take yi. Ta tsaya gaban motar da taɓarya a hannu. Ƙarfen ya yi sumul kamar ƙwai, kuma ta san kowane taƙi nasa, gumin mutum biyu ne. Hawaye suka zubo mata. Ta ce Allah ka yafe mini, ta sauke taɓaryar sau ɗaya a bayan hagu, daidai inda suka fara. Ta koma turminta.

Da suka dawo Jibrin ya wuce, ta tare Usta tun daga bakin rumfa.

"Akuyar Hajo ce," in ji ta, idonta a ƙasa. "Ta tsallako danga, ta ga kanta a jikin motar, ta kai karo. Kafin in kore ta aikin gama ya gama."

Ya jingine sandarsa. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa tafi a wurin. Rami ne zagayayye, mai kyau, kamar an auna. Ya zagaya bakinsa da yatsa, ya duba yatsan, wani ɗan kore-koren gari ya manne masa. Ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Lauratu ta so ƙasa ta tsage. Duk Gadarif babu akuyar da ke da kuɓewa a ƙaho.

Ya ƙwanƙwasa motar sau biyu. Ta ruga ta jawo akwatin, ta shimfiɗa tabarma. Ya zura hannu ta gurbin taya, ta ɗauki gudumarta, suka kama. Amma wurin ya ƙi ba da ƙarar da ta saba ji. Duk taɓawa sai ya lanƙwasa ya dawo, don sun riga sun buge shi watannin baya, ya yi siriri. Usta ya ƙwanƙwasa ɗaya. Ta tsaya.

Ya zaro hannunsa, ya ajiye maƙerar. Ta ga maƙogwaronsa na motsi, leɓensa na kokawa, ta kau da kai don kada ta ba shi kunya.

"Lau... ratu."

Muryar ta fito a karkace, mai nauyi, amma tasa ce.

"Na'am, ya Usta."

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙofar motar ta wancan gefe. Kalmomin suka zo ɗaya bayan ɗaya, kamar yana ɗauko su daga rijiya.

"Nan... ƙarfe ya gaji. Wani karon... ki gaya wa akuyar... ƙofa."

Ta rufe baki da gefen mayafi, dariya da kuka suka haɗu mata, ta rasa wanda za ta fara. Shi kuwa ya riga ya mayar da hannu ciki, yana jiranta. Ta share ido da bayan hannu, ta ɗora yatsa kan ƙarfen tana neman inda yake.