Adireshin da Ba Ya Canzawa

Mai ɗinki ta kai wuya. Ta sa kyamara a falon mahaifiyarta ne don ta riƙa ganinta ta waya daga shago, tunda ƙafar tsohuwar ta fara gardama, har ta taɓa faɗuwa a ƙofar bayi. Amma kusan kullum da rana ta take, sai hoton ya ɗauke. Haka za ta bar keken ɗinki, ta bar masu kaya suna tsaki, ta ɗare babur zuwa gidan. Ta iso ta tarar da Inna garau, har tana tambaya ko a ɗora shayi.

Mai haɗa intanet ya zo ya duba. "Anti, duk sanda na'urar intanet ɗin nan ta mutu ta tashi, sabon adireshi kamfani yake ba gidan, wayarki kuma tsohon take nema. Ki sa a ba ki tsayayyen adireshin IP, wanda ba ya canzawa."

Maigidanta ya taɓe baki. "Gida ne ko banki? Kyamara ɗaya tal!"

"Kai kake tsere a titi da allura a gaban riga?" in ji ta. Haka aka sa adireshin.

Washegari da rana hoton ya sake ɗaukewa. Ranta ya ɓaci matuƙa, ta yi wa mai haɗa intanet Allah ya isa, ta fizgi mayafi. Kafin ta lalubo takalminta, sai ga hoto ya dawo da kansa.

Inna ce durƙushe a gindin soket, hannunta a kan filogin na'urar intanet da ta mayar yanzu. Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta jera kofi biyu a tebur, ta gyara ɗankwali, ta zauna tana fuskantar ƙofa.

"Au! Ashe ke ce!" Mai ɗinki ta kife wayar don takaici, ta koma kan keke, ta zabga wani karkataccen ɗinki da sai an farke. Can ta kasa daurewa, ta juyo wayar. Inna tana nan yadda take, idonta a ƙofa, ba ta taɓa kofinta ba.

"Anti, rigata fa?" wata mai kaya ta tambaya.

"Ki yi haƙuri, sai gobe," ta ce, tana zura takalmi.