Sunan Na-Faransa

"Atiku Hamani," in ji jami'in, yana share gumi da hularsa. "An ce a unguwar nan yake."

Muna zaune gindin dalbejiya a ƙofar gidana a Shinkafi, shekarar da aka fara shari'ar Musulunci. Muka dubi juna. Audu mahauci, wanda ba ya barin tambaya ta faɗi ƙasa, ya ce, "Wanga suna ba mu san shi ba. Nan anka haife mu, babu Atiku layin ga."

Jami'in ya ce daga ofishin shige-da-fice na Gusau yake. Atikun ya nemi zama ɗan ƙasa, kuma sai maƙwabta sun shaida ya yi shekara goma sha biyar a nan bai tashi ba. Muka sake tabbatar masa babu, har da ni, da babbar murya. Ya hau babur ya tafi.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Na-Faransa mai haƙar rijiya, yana kwance da ciwon ƙirji. Tun ina saurayi ya zo daga Nijar muka laƙaba masa sunan, yana amsawa da murmushi. Rijiyar kowa a layin shi ya haƙa.

Da la'asar na shiga duba shi. Ya rame, amma idonsa na kan ƙofa. Ya ce an yi masa alkawarin mai bincike zai zo makon nan, ko na ga wani baƙo? Matarsa Asabe ta ce ko a rasuwar mahaifiyarsa bai tsallaka iyaka ba, don tsoron kada lissafin shekarunsa ya karye. Burinsa kawai kada a kira 'ya'yansa baƙi bayansa.

"Atiku, sha maganinka," in ji ta.

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

"Ba ni da damuwa," ya ce mini. "Ku ne shaiduna. Wa zai ce bai san ni ba?"

Na fita na gaya wa su Audu, muka shirya sammakon Gusau. Kafin mu kai tasha aka biyo mu da labarin Na-Faransa ya cika.

Ni na ja ruwan wankansa daga rijiyar gidana. A bakinta, cikin siminti, akwai shatin tafin hannunsa tun ranar da ya gama ta. Gugan ya daɗe yana lilo kafin na iya sauke shi.