Fayilolin Asibitin Likita Halliru

Karo na uku ke nan a wata guda da Latifa ta hau mota daga Sakkwato zuwa Illela saboda ɗan asibitin Likita Halliru. Ita ta kafa musu saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya, don haka komai ya taso ita ake nema.

Wannan karon na'ura lafiyarta ƙalau. Sakamakon gwajin jinin wata mata 'yar garin Araba ne ya fita waje, har ya kai kunnen dangin mijinta ranar kasuwa.

Latifa ta zauna a ƙuntataccen ɗakin sabar, gumi na bin bayanta. Ba a jima ba ta gano matsalar. Tun farko ta bar fayilolin rumbun bayanan a hannun asusun manhajar shi kaɗai, ba mai iya buɗe su sai shi. Yanzu an sake su ga kowa. Duk wanda ya shiga kwamfutar zai iya karantawa, ya goge, ko ya kwashe a filasha.

"Likita, wa ya taɓa nan?"

Halliru ya shafa gemu. "Ni na kira Attahiru mai gyaran waya. Ajiyar kwafin bayanan ta ƙi tafiya, kullum sai ta ce babu izini, shi ya sa ya buɗe su. Na neme ki, ba ki ɗauka ba."

"Ina jinyar mahaifiyata a lokacin."

"Allah ya ƙara sauƙi. To mi za mu yi? Aiki ya tsaya."

Ba ta da ƙarfin gardama. Ta mayar da fayilolin ga asusun manhajar, ta toshe wa sauran hanya, ta buɗe wa ajiyar kwafi asusu na daban. Da Likita ya tambayi wanda ya kwashi bayanan, ta girgiza kai. Ma'aikata shida, kalmar sirri ɗaya, ba yadda za a gane.

A baranda ta tarar da wata mata zaune riƙe da katin asibiti. Wata nas ta raɗa mata cewa ita ce mai sakamakon gwajin, Shahida.

"Ke ce mai kwamfutar?" in ji matar. "Don Allah ki cire sunana daga ciki."

"Baiwar Allah, an rufe yanzu. Ba mai sake gani."

"Yanzu," in ji Shahida a hankali. "Ni ai gidanmu na koma tun shekaranjiya."

Latifa ta ajiye jakarta, ta zauna kusa da ita a bencin. Suna nan har aka kira la'asar.