Kujerar Da Ba Ta Da Birki

Duk wanda ya koyi tuƙi a hannunsa ya san dalilin da ya sa ake ce masa Mai Birki. Motar makarantarsa birki biyu ne da ita, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a tasa ƙafar a kujerar gefe, kuma nasa ne kullum yake riga cinyewa. Kare ya ɗaga kai a can nesa, ya taka. Ɗalibi ya yi atishawa, ya taka. Ko matarsa ba ta tsira ba. Suna sabon aure ya ce zai koya mata, ba su kai bakin layi ba ya take birkin har goshinta ya kusa sumbatar sitiyari. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta koma gida a ƙasa, daga ranar ba ta sake zama a kujerar direba ba.

To, mutum irin wannan ne ya rufe makarantarsa, ya sayar da motar, ya wayi gari ya ce shi ƙaramar motar gudu yake so, mai kujera biyu, irin mai rufin tamfol da ake naɗewa baya. Ta hannu, ba sabuwa ba. 'Yarsa, ma'aikaciyar jinya ce, ta ajiye cokali ta dube shi.

"Baba, kai da kake faɗa idan an bar mota a kunne ana sallama da baƙo? Kai ne za ka hau motar 'yan gayu?"

"Gayu haramun ne ga tsoho?"

"A'a. Amma ka yi mini alkawarin abu biyu. Kada ta zama mai shan mai, kada kuma ta zama wadda za a riƙa kira na a wurin aiki ana cewa ta mutu da ku a hanya."

Ya amsa da sauri, don sharaɗin nata nasa ne tun asali. Abin da bai faɗa ba shi ne abin da likitan ido ya gaya masa: ganinsa yana tsukewa daga gefe, musamman ta hagu, kuma ba ya dawowa. Likitan ya ce ya fara tunanin ajiye tuƙi. Shi kuwa duk tsawon rayuwarsa a kujerar gefe ya yi ta, yana kallon irin waɗannan motoci suna wuce shi kamar wasa, yana cewa wata rana. Yanzu ranar ta zo tana kuma shirin wucewa. So yake ya riƙe sitiyarin kafin idon ya gama rufe masa hanya.

Hajiya, matarsa, ta ce sai ta bi shi. Ba don ta san mota ba, in ji ta, sai don ta ga abin da zai sa mutum ya biya kuɗi a cire masa rufi.

Motar farko da suka je gani ja ce, a filin wani dillali. Dillalin ya yi ta taka totur motar tana gurnani, yana kallon fuskar Mai Birki ya ga ko ta kama shi. Mai Birki ya matso gaban motar. Ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya ji ɗumi.

"Ka tashe ta kafin mu zo?"

"Ranka ya daɗe, ɗan ɗumama ta na yi."

"Ni kuwa a sanyi nake son in ji tashinta."

Ya durƙusa da ƙyar, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari yana shafa fedodin da yatsa. Hajiya ta sunkuyo a kansa.

"Malam, me ka yar a nan?"

"Mai ita nake nema," ya ce. "Mota halin mai ita take ɗauka. Taɓa nan ki ji."

Ta taɓa. Robar kuloci ta cinye ta gefe guda har ƙarfe ya fito. Ya ce mata wannan mutum ne mai jingine ƙafa a kan kuloci ko yana tafiya, irin ɗaliban da yake yi wa tsawa. Ya zaga baya, ya zura yatsa a bakin salansa, ya fito da shi baƙi ƙirin. Wannan kuma, in ji shi, mai ne da ta sha ba ta ƙona ba. Hajiya ta duba yatsan, ta duba dillalin, wanda ya koma duban wayarsa kamar an turo masa saƙon gaggawa.

Ta biyu baƙa ce, ta wani saurayi, kuma gaskiya ita ta so ta sace zuciyar Mai Birki. Injinta babba, muryarta mai kauri. Saurayin ya ɗauke shi zagaye, Hajiya tana tsaye a inuwa riƙe da jaka, tun da kujerun biyu ne kacal. Kafin su dawo ƙafar Mai Birki ta dama ta gaji da taka dandamalin da babu komai a kai. Ya fito yana gumi, ya shafa tayoyin baya ya ji sun yi sumul, ya tambayi saurayin sau nawa yake shiga gidan mai a mako. Saurayin ya yi dariya ya ce masu gidan man har sunansa sun sani. Shi ke nan, aka yi sallama.

A hanyar gida Hajiya ta ce, "Na lura ba ka tuƙa ko ɗaya ba."

"Daga gefe na fi jin mota."

Ta ce, "Uhm." Irin uhm ɗin nan nata da ya fi doguwar magana nauyi. Ya sha jinin jikinsa, ya kama zancen tsadar taya.

Ta uku bakanikensa ne ya yi masa kwatancenta. Shuɗiya ce, fentin ya ɗan kwanta, tana cikin garejin wani tsoho mai gyaran agogo, an lulluɓe ta da tsohon zanen gado. Bonet ɗin sanyi ƙalau. Mai agogo ya miƙa masa makulli, ya murɗa sau ɗaya, ta tashi a hankali ta zauna a kan murya guda, ba tari ba rawa. Injinta ƙarami ne, irin wanda kowane bakanike ya san cikinsa. Fedodin sun cinye daidai wa daida, a tsakiya. Yatsansa ya fito daga salansa da ɗan toka-toka kawai. Ya zaro sandar baƙin mai, ya goga a farin ƙyalle, ya shinshina. Hajiya kuwa rufin ne ya ɗauke mata hankali. Ta sa mai agogo ya naɗe shi ya mayar, ya sake naɗewa, tana bin haƙarƙarin ƙarfen da ido tana tambayar inda ruwan sama yake bi, da inda mace za ta ajiye jakarta.

"Ƙafarka ba ta da nauyi," Mai Birki ya ce wa mai agogo. "Wa ya koya maka tuƙi?"

"Agogo," in ji tsohon. "Wanda ya saba da ƙananan kusoshi ba ya danna abu da ƙarfi."

"To me ya sa za ka rabu da ita?"

Mai agogo ya dafa bayansa. "Shiga ba wuya. Fitar ce sai an jawo ni kamar buhu. Jiki ya ce ya isa, ni kuma ba na musu da shi." Ya nuna musu titin da ke bayan gidan. "Ku ɗauke ta ku biyu. Ba cunkoso ta nan."

Haka Mai Birki ya zauna a kujerar direba, Hajiya a gefensa, sama a buɗe. Ya sa giya, ya saki kuloci, motar ta zame kamar ta san shi. Iska ta shiga masa wuyan riga. Ya ji sitiyarin yana amsa masa tun kafin ya gama juyawa, ya ji ƙanshin ciyawar da aka yanke a wani gida, ya ga rassan bishiyoyi suna wucewa ta saman kansa. Daɗi ya kama shi, irin wanda ya manta ana ji, har ya yi dariya shi kaɗai. Ya ce a ransa likita ma mutum ne, yana iya kuskure.

"Birki."

Hajiya ce ta faɗa, ba da ihu ba, da muryar nan tasa ta aiki, gajera mai kaifi. Ƙafarsa ta bi umarnin kafin kansa ya gane. Motar ta tsaya cak. Wata mata mai keke, da kwandon kayan miya a gaba, ta gifta ta gaban hancin motar daga layin hagu, ta watsa masa harara ta wuce. Bai gan ta ba. Ba ta fito da gudu ba, ba kuma abin da ya kare ta. Kawai dai a duniyar da idonsa yake nuna masa babu ita.

Ya gangara gefen titi, ya ja birkin hannu, ya kashe injin. Ya san hukuncin, don ya sha yanke shi a kan wasu: ɗalibin da bai ga mai keke a mahaɗa ba, ba a ba shi hanya.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da ka fara juya kai gaba ɗaya kana neman kofin shayin da ke gefen hannunka."

"Kika yi shiru."

"Kai ma ka yi shiru. Na ce bari in ga inda za mu tsaya." Ta duba titin. "Ga shi mun tsaya."

Ya zare makullin yana juya shi a hannu. Ba ta shan mai, ba ta mutuwa a hanya, duk abin da aka nema tana da shi. Direban ne bai ci jarrabawa ba.

"Mu mayar masa da abarsa," ya ce. "Sai dai mu kira shi ya zo ya ɗauka, ni ba zan sake tayar da ita ba."

Hajiya ta dubi wajen ƙafafunta. Ta sunkuya tana leƙa ƙasan kujerarta, tana shafa dandamalin da tafin takalmi, lungu-lungu.

"Malam, nan ɓangaren ba birki ko?"

"Babu. Ai ba motar makaranta ba ce."

"Ko ɗan ƙarami?"

"Hajiya, babu."

Ta buɗe ƙofa, ta dafa ta miƙe, ta zagayo ta tsaya a kansa, ta miƙa masa jakarta.

"Riƙe mini. Ka koma can. Ka koya wa rabin garin nan, ni kaɗai ka bari a bakin layi."

Ya buɗe baki zai ce shekarunta, zai ce gwiwarta, zai ce kuloci ba wasa ba ne. Ya dubi fuskarta ya ga ba wasan take yi ba, idonta yana kan giyar, tana karanta lambobin da ke kanta. Ya fito, ya zaga, ya zauna a kujerar da ya fi sani a duniya, jakar mata a kan cinyarsa.

Ta gyara madubi kamar yadda ta ji yana faɗa shekara da shekaru. Ta karɓi makullin daga hannunsa ta murɗa, ta saki kuloci da sauri, motar ta yi tsalle ta mutu. Ta sake. Wannan karon ta motsa, tana tangal-tangal zuwa tsakiyar titi, ga wata bishiya tana matsowa ta dama. Ƙafar Mai Birki ta daki dandamali da dukkan ƙarfinta, ba ta tarar da komai ba. Ya sake dannawa. Hajiya ta juya sitiyarin da kanta, bishiyar ta wuce ta gefensu.

Ya janye ƙafar a hankali, ya ajiye ta kusa da 'yar'uwarta, ya rungume jakar.

"Sa giya ta biyu," ya ce.